Yara sun gaji da fensir da takarda: wane kayan aiki zan kawo musu a darasin zane?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da darasin al'adu da fasaha a aji 4 zuwa 6 na firamare, bana kuma an ƙara mini aji 1 na ƙaramar sakandare. Tun da na fara, fensir da littafin zane da fensirin kala kawai muke aiki da su. Yaran sun soma ƙosawa, manyan cikinsu ma da an ce a yi zane sai su ce su ba su iya ba. A wani taron bita an ce mu riƙa sauya kayan aiki, amma makarantarmu ba ta da kuɗin fenti da buroshi, ga aji a cike maƙil. Shin sauya kayan aikin yana da amfani na gaske, ko ƙawa ce kawai? In yana da shi, ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da fama. Yana da amfani, babba ma kuwa. Sai dai waɗanda suka ba ku shawarar a wurin bita rabin zancen suka faɗa. Ragowar shi ne yadda za a yi sauyin, domin akwai irin sauyin da ba ya ƙara wa yaro komai sai ɓata riga.

Kowane kayan aiki akwai abin da yake koya wa hannu da ido wanda wani ba zai koya ba. Fensir layi yake koyarwa, da kallon abu a tsanake. Amma yaron da ya shekara shida yana zana tulu a takarda bai taɓa fuskantar cewa tulu yana da ciki da baya da nauyi ba, bai san in gindi ya yi ƙanƙanta zai kife ba. Ranar da kika damƙa masa yumɓu, ranar zai sani, ba tare da kin ce uffan ba. Kala mai ruwa ba ta goguwa, don haka tana tilasta wa yaro ya yi shawara kafin ya sa hannu, in kuma ta zarce ya san yadda zai yi da abin da ya faru. Saƙa ƙirga ce da haƙuri. Manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta Najeriya, ta tsara wa wannan darasi ita ma ta tanadi ginin yumɓu da saƙa da rini da aikin takarda, rashin kaya da cikar aji ne suka sa aka taƙaita a littafin zane.

Wannan "ban iya ba" da kike ji daga manyan yaran ba lalaci ba ne, kuma ba a ajinki aka fara ba. Viktor Lowenfeld, malamin koyar da zane ɗan asalin Austiriya da ya yi aiki a Amurka, ya bayyana matakan da zanen yara ke bi tun a 1947. Ƙaramin yaro yana zana mutum da kai da ƙafafu, ya nuna miki da murna, ko a jikinsa. Daga wajen shekara 9 zuwa 12 sai ido ya riga hannu girma: yaron yana ganin cewa dokin da ya zana bai yi kama da doki ba, yana kuma ganin ɗan ajinsu guda da ya fi kowa, ga tsoron dariyar abokai. A nan yara da yawa suke ajiye zane har abada. Shekarun ajinki ke nan daidai. Idan fensir ne kaɗai ma'auni, yara uku ko huɗu ne gwanaye, saura 'yan kallo. Da kin kawo wani abu daban sai jerin gwanayen ya wargaje. Yarinyar da ke ɓoye littafinta ƙila ita ce ke taya kakarta ɗinkin faifai a gida, yaron da ke bayan aji yana surutu ƙila ba wanda ya kai shi haɗa motar kara a unguwarsu. Lowenfeld kansa ya lura cewa akwai yaran da ta ido suke fahimtar abu, akwai kuma waɗanda sai sun taɓa sun ji a hannu.

Yanzu ga inda nake saɓa wa masu bita. Akwai malamin da yake ɗaukar shawarar nan ya mayar da ita wannan mako yumɓu, mako mai zuwa rini, na gaba liƙe-liƙen takarda, a ƙarshen zango an taɓa abu goma ba a iya ko ɗaya ba. Shan ruwan tsuntsaye ke nan. Elliot Eisner, masanin koyar da zane na Jami'ar Stanford a Amurka, ya lissafa wannan cikin ra'ayoyin da malaman zane suka riƙa ba tare da hujja ba, wato ɗaukar cewa manhajar da ta fi yawan kayan aiki ita ce ta fi kyau. Dalilin kuwa a fili yake. Haɗuwar farko da kowane kayan aiki wasa ce: yaro yana matsawa, yana shafawa, yana ganin me abin ke yi. A karo na biyu ne yake fara sarrafa shi. Sai a na uku ko na huɗu yake iya sa shi ya faɗi abin da ke ransa. In kin janye kayan bayan karon farko, kullum a matakin wasa za a tsaya.

Shawarata ita ce ki zaɓi abu ɗaya babba a kowane zango, ki zauna a kansa mako huɗu ko biyar a jere. Fensir kuma kada a yar da shi, shi ne zai riƙa bin kowane aiki: a zana tukunyar kafin a gina, a sake zana ta bayan an gina. Za ki sha mamakin bambancin zanen farko da na biyu. Abin lura wajen zaɓe shi ne kayan su bambanta da gaske. Sauya fensir da biro, ko fensirin kala da alli mai kala, ba sauyi ba ne, duk layi ne a kan shafi. A shekara guda yaro ya samu abin da ake mulmulawa, da abin da ake shafawa, da abin da ake bugawa ko saƙawa.

Da ni ce ke, da yumɓu zan fara, a zangon farko. Damina na ƙarewa, yumɓu na samuwa, kuma kafin ƙarshen zango iska ta bushe yadda za a iya gasawa. Kada ki aiki yara bakin kududdufi ko ramin haƙar ƙasa su ɗebo, ramukan nan suna ruftawa, ruwan kuma yana cin yara. Ki je wurin masu ginin tukwane ki sayi wanda suka riga suka kwaɓa, ba shi da tsada, kuma sun san nasu. In kuwa ɗanye kika samu, a jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a haɗa da ɗan dakakken kasko ko yashi mai laushi don kada ya tsage wajen bushewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki murza shi ya yi kaurin fensir, ki naɗa a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, ya yi. In ya tsattsage, yashi ya yi yawa ko ruwa ya yi kaɗan.

Darasin farko kowa ya samu curi kamar girman lemo, ya tura babban yatsa a tsakiya, ya riƙa matsawa yana juyawa har ya zama ɗan kwano. Ki zagaya ki gani. Kusan kowa baki yake matsawa ya manta gindi, sai baki ya yi fele-fele ya fara tsagewa, gindi kuwa dunƙule. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ɗauki zare ki raba kwano ɗaya biyu a gabansu, su ga kaurin da idonsu, sannan kowa ya rufe ido ya shafa nasa ya nemo inda ya fi kauri. Mako na biyu a shiga ginin murji, wato a murza yumɓu kamar igiya a riƙa ɗorawa ana shafe haɗin ciki da waje. Na uku a yi ado da tsinke, da totuwar masara, da igiya da ake gangarawa a jikin tukunya. A wannan makon ki zo da takardar naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. Da hannu ta koyi gini a ƙauye tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, aka nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Yara sun sha riƙe kuɗin nan ba su san wace ce ba, kuma 'yan matan aji sukan gyara zama in sun ji.

Abu biyu ke ɓata aikin yumɓu a makaranta. Na farko hunturu: iskar tana busar da waje ciki na ɗanye, sai a wayi gari komai ya dare. A shanya a inuwa, a lulluɓe da leda ko jiƙaƙƙen buhu kwanakin farko. Na biyu gaggawar gasawa. Abin da bai bushe ƙarau ba, ko ya fi babban yatsa kauri, fashewa yake a wuta, ya kuma fasa na kusa da shi. Ba dole ne a gasa komai ba. Ku zaɓi kaɗan ku roƙi mai tukwane ta sa a cikin nata gashin, sauran a jiƙa su koma yumɓu don ajin baɗi. Wurin da aka yi aiki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share shi a bushe, ƙurar yumɓu ba ta da kyau ga huhu.

Akwai iyayen da ba za su so a gina mutum-mutumi ko siffar dabba ba saboda dalilin addini. Wannan ba abin da za ki tsaya jayayya a kai ba ne, kuma darasin bai rasa komai ba. Kwano, tulu, asusu, kaskon turare, rumbu, ɗan gida mai zanko da ado a fuska irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano, duk suna koyar da abin da ake nema.

Zango na biyu sai kala, kuma a nan ne batun rashin kuɗi ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Fenti ba komai ba ne illa gari mai launi da abin da zai liƙa shi a takarda. Abin liƙawar kuwa muna da shi: ƙaro. Shi ne dai ake fita da shi daga Najeriya da Chadi da Sudan zuwa ƙasashen waje, kuma da shi kamfanoni ke haɗa kalar ruwan da ake sayar mana a ɗan akwati. Ki jiƙa awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, ki tace. Jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, bular wanki, kowanne a daka ya yi laushi a tankaɗe da tsohon ɗankwali, a dama da ruwan ƙaron. A shafa a kwali a bari ya bushe, a goga yatsa. In ya biyo yatsa, a ƙara ƙaro. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa. A haɗa daidai na mako, don yana tsami da zafi. Yaran da suka yi makarantar allo ba baƙi ba ne a nan, sun san tawada da alƙalamin kara, wasu sun ga zayyanar da ake yi wa allon sauka. Ki bar su su nuna wa saura yadda ake fiƙe alƙalami. Buroshi kuma a daddaƙa bakin asuwaki ko kaba, ko a ɗaura soso a tsinke, ko gashin kaza.

Akwai darasi guda da ban taɓa ganin ya kasa kama aji ba. Ki tafasa zoɓo ya yi kauri, ba sukari, ki zuba a kofi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami, sai ja ya ƙara haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take ya juye ya koma wani duhun kore. Aji zai kaure da ihu, wani ma ya ce sihiri ne. Kurkum ma haka, ruwan ɗorawa ne, da ya ji kanwa sai ya koma ja. Bagaruwar da majema ke jima da ita, in aka jiƙa aka jefa tsatsattsun ƙusoshi a ciki, baƙi take bayarwa. Malamin kimiyya zai gode miki, don kin share masa hanyar bayanin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu. Ki dai gaya wa yaran gaskiya cewa launin tsiro yana koɗewa a rana, na ƙasa kuwa yana daɗewa. Su liƙa gwaji biyu a taga su duba bayan mako biyu.

Kada ki ba su launi da yawa a tashin farko. Biyu da fari sun isa. Yaron da aka ba launi goma sha biyu zuba su yake gaba ɗaya ya samu ruwan kwata. Wanda aka ba ja da fari da baƙi aka ce ya fitar da launi shida daga ciki, shi ne ke koyon haɗi.

Zango na uku na fi son bugu, musamman ga 'yan aji 6 da 'yan sakandare, saboda yana ba wanda bai iya zana kama ba damar fitar da abu mai kyan gani. A yanka dankali ko rogo biyu, a sassaƙa siffa, a shafa kala, a buga. Kuɓewa in aka yanka ta a tsakiya da adonta take zuwa. Tsohon silifa ya fi su duka, yana yankuwa kuma ba ya ruɓewa. Ki bari su fara da harafin farko na sunansu, kada ki gargaɗe su. Mai harafin B zai sassaƙa shi daidai yadda yake rubutawa, ya buga, ya ga ya fito a juye. Zai dube ki, ya dubi dankalin. Daga ranar ba zai manta cewa bugu yana juya abu ba, kuma zai fara tsara aiki kafin ya yanka. Daga nan a wuce maimaita siffa a jere, a juya ta, a saɓa launi, irin tsarin da suke gani a atamfa da hula da dagi. Manyan za ki iya ba su labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka dage sai an haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Onobrakpeya da aikin bugu ya yi suna a duniya.

Saƙa a kan kwali da aka tsattsaga bakinsa, liƙa ƙyallayen da tela ke zubarwa, gini da kara da murafan kwalba, kwaɓa tsohuwar takarda da kokon rogo, duk suna da kyau, a ajiye su don shekara ta gaba ko a cike gurbi da su. In za a tara tsofaffin takardu, ki duba da kanki kada a haɗo da masu ayoyi ko sunan Allah.

Wasu abubuwa kuwa kada su shigo ajin firamare ko kusa. Fentin mai na gini, domin wani yana ɗauke da dalma, ga kananzir ko fetur da ake wanke shi da su. Baƙin cikin tsohon batir da wasu ke shafa wa allo. Sodar rini da hodar da ake haɗa ta da ita, suna ƙona fata da ido; in ana son yara su ga rini, a yi ɗauri a aji a kai wa marini ya tsoma, ko a kai su marina irin ta Ƙofar Mata a Kano su gani. Reza ma haka, ba a yawo da ita hannu zuwa hannu. Ƙanana su sassaƙa dankali da bakin cokali ko murfin biro, yankan silifa kuma ke za ki yi, ko manya kaɗan a gabanki.

Cikar aji ita ce matsalar da ba ni da maganinta gaba ɗaya, sai dai dabara. Minti 35 ko 40 ba ya isar aikin yumɓu, kafin a raba a tattara an kaɗa ƙararrawa, don haka ki roƙi shugaban makaranta a haɗa miki darasi biyu a jere, gara sau ɗaya a mako mai tsawo da sau biyu guntu-guntu. A fita gindin bishiya. A kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai rabon kaya da mai ɗebo ruwa da mai tattarawa, ana juya aikin, kuma kada a bar wa 'yan mata wanke-wanke su kaɗai. Kowa ya zo da tsohuwar riga, in ba haka ba iyaye za su rufe miki darasin tun mako na biyu. Bayaninki kada ya wuce minti biyar. Kuma ki guji ɗaga naki samfurin ki bar shi a gabansu, don za ki samu kwafinsa sittin. Ki nuna dabarar, ki rushe naki, ki mayar cikin curi.

Wajen ba da maki, in kika ce wanda ya fi kyau shi ne mai maki mafi yawa, kin koma gidan jiya, yaran nan uku ko huɗu za su sake kwashewa. Ki ajiye aikin farko na kowane yaro, ko ki ɗauki hotonsa da waya tunda ba wurin ajiya, ki jera shi da na mako na huɗu. Kaurin kwanon ya daidaita? Haɗin ya riƙe? Launin da ya nema shi ya samu, ko dace ne? Sannan ki yi masa tambaya ɗaya da baki: me ya ba ka wahala, yaya ka yi da shi? Yaron da ya ce bakin ya yi ta tsagewa sai ya gane yana daɗewa da shi a hannu yana bushewa, ya cancanci maki ko da kwanon nasa a karkace yake. Irin wannan awon ci gaba ki ba shi kaso mafi tsoka na makin aikin aji, jarrabawar takarda ta ƙarshen zango kuma ki fitar da tambayoyinta daga abin da suka yi da hannunsu.